Saukewa da Ɗora Safaya Mai Nauyi a Motocin Daji: Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai tuƙa kat-kat, wato mota mai ja da ƙafa huɗu, ko Hilux daga Maraɗi zuwa cikin daji ya san faci ba ya sallama. Ƙayar aduwa, kututturen gona da yashi ya rufe, karyayyen bakin kwalta, kowanne na iya tsayar da kai inda babu mai faci ko ɗaya. Canza taya kowane direba ya iya. Abin da ke ba mutane wuya shi ne sauko da safaya daga inda take, da mai da wadda ta fashe gurbinta. Tambayoyin nan su ne ke yawan fitowa daga bakin direbobin ma'aikatu, masu cin kasuwannin ƙauye da yaran manyan motoci. An sa musu lamba don amsa ta iya tura ka ga wata.

1. Wai nawa ne nauyin safayar da har ta zama abin magana?

Ya danganta da motar. Tayar ƙaramar mota irin Corolla, haɗe da jantinta, wato ƙarfen da take zaune a kai, ba ta cika wuce kilo 18 ba. Ta Hilux ko Prado mai lamba 265/65R17 tana kusan kilo 30. Ta Land Cruiser mai 7.50R16 a kan jantin ƙarfe tana tsakanin 35 da 40, kuma wanda ya sa manya masu kaurin haƙori irin 285/75R16 ya haura 40. Kamyo kuwa nasa daban ne: 315/80R22.5 da jantinta ta ɗara kilo 100, 14.00R20 ta manyan motocin sahara ta wuce 150.

Cibiyar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da ya kamata mutum ya riƙa ɗagawa da hannu biyu, shi ma sai kayan na kusa da jiki, ba sunkuyo ba murɗa ƙugu. Wani zai ce ai ƴan dako a kasuwa suna saɓa buhun da ya ninka haka su yi tafiyarsu. Haka ne, amma su ɗora musu ake yi, buhun ya lafe a kafaɗa. Taya ba ta da mariƙi, faɗinta ya kai santimita 80, dole ka rungume ta nesa da ƙirji, kuma a kan yashi kake tsaye, sau da yawa a zafin Afrilu da ya haura digiri 40, wani lokaci ma da azumi a baki.

2. A ina ya fi dacewa a ajiye ta?

Wurare huɗu ne: ƙarƙashin mota, ƙofar baya, cikin bodi, da kan rufi. Kafin ka zaɓa, tambayi kanka abu ɗaya: idan ni kaɗai ne, a gajiye, tsakanin Dakwaro da Barmo, zan iya sauke ta in kuma mai da wadda ta fashe? Wurin da amsarsa ta zama "sai da mutum biyu" bai dace da direban da ke fita shi kaɗai ba, komai kyansa a ido.

A ganina cikin bodi, a tsaye bayan kan mota, shi ya fi sauƙi ga mai a-kori-kura, domin mirgino ta kawai za ka yi zuwa bakin bodi. Illarsa tana cin wurin kaya, kuma ranar kasuwa buhuna sukan binne ta. Ƙarƙashin mota ne na biyu, muddin ana kula da wincinta, wato abin naɗe sarƙar da ke ɗaga ta (tambaya ta 6). Ƙofar baya tana da saurin kaiwa, sai dai akwai ɗagawa zuwa tsayin ƙirji (ta 5). Rufi shi ne na ƙarshe.

3. Me ya sa ake ƙin rufi, alhali ko'ina ana ganin motoci da taya a sama?

Ana gani, amma yawancinsu motocin da ke tafiya da mutum uku ko huɗu ne. Rufin babbar kat-kat mai maɗorin kaya ya kai mita 2 daga ƙasa. Motoci da yawa kamfani ya ba rufinsu iyakar kilo 75 zuwa 100 ne a kan tafiya, har da nauyin maɗorin kansa. Na motarka yana cikin littafinta. Taya ɗaya ta cinye kusan rabi, kafin a zo ga jarkoki da tabarmi.

Sannan duk nauyin da ya hau sama yana ƙara wa mota saurin kifewa. A kan kwalta zuwa Tasawa ba lalle ka ji bambanci ba. Ranar da ka ratsa gefen tudun yashi a karkace, ko ka kauce wa jaki da gudu, za ka ji motar ta yi lilo fiye da yadda ka saba.

4. Idan dole tana kan rufi, yaya mutum ɗaya zai sauke ta, ya kuma ɗora wata?

Kada a jefo ta. Tayar kilo 40 da ta faɗo daga mita 2 tana isa ƙasa da gudun da ya kai kilomita 22 a awa, kuma da yake cike take da iska ba ta tsayawa inda ta faɗi. Tsalle take yi, ta bugi ƙofa, ta karya madubi, ko ta bi gangara ta sami yaron da ya zo kallo. A ƙauye kuwa mota ba ta tsayawa minti biyar yara ba su kewaye ta ba, don haka fara da korar su nesa.

Saukewa da igiya ake yi. Nemi igiya mai kauri wadda rana ba ta cinye ba, mita 8 zuwa 10. Zura ta ta tsakiyar janti, ka zagayo da ita bayan tayar ka ƙulle. Ɗaya ɓangaren ka naɗa shi sau ɗaya ko biyu a jikin ƙarfen maɗorin kaya, na ɓangaren da ke nesa da inda tayar za ta sauka. Wannan naɗin shi ne birkinka: gugar igiya da ƙarfe tana ɗauke mafi yawan nauyin, abin da ya rage hannu ɗaya ma ya riƙe. Shimfiɗa tabarma ko tsohon bargo a gefen motar saboda gilashi, ka tura tayar da ƙafa har ta zarce baki, ka riƙa sakin igiya kaɗan-kaɗan. Kada ka naɗe igiyar a hannunka.

Ɗorawa ce babbar matsala, kuma ita mutane ke mantawa lokacin da suke yanke shawarar kai safaya sama. Wadda ta fashe iska kawai ta rasa, nauyinta na nan. Mutum ɗaya ba shi da dalilin cicciɓar kilo 40 sama da kansa. Ko dai ka share mata wuri a cikin mota har ka isa wurin mai faci, ko ka sami na biyu, ɗaya na ja daga sama ɗaya na turawa daga gefe ba daga ƙarƙashinta ba, ko kuma ka yi hannun ɗagawa irin na tambaya ta 9.

5. Tawa a ƙofar baya take. Akwai dabarar cire ta da mai da ita ba tare da cicciɓa ba?

Akwai. A motoci irin Patrol, Pajero da wasu Prado, tsakiyar tayar na kusan tsayin ƙirji, amma ƙasanta bai fi tsayin gwiwa ko cinya ba. Wannan tazarar za ka cike. Ajiye jarkar ƙarfe a kwance, ko akwatin kayan aiki, ko turmin da ka aro, a ƙarƙashinta. Kwance notunan ƙasa, ka bar na sama shi ne na ƙarshe, ka danne tayar da kafaɗa lokacin da kake cire shi. Sai ka jawo ta ta zauna a kan jarkar, daga nan ka mirgino ta ƙasa.

Mayarwa ma hawa biyu ce. Mirgina ta kan jarkar, ko ka jingina katako ka gangaro da ita sama. Juya ta har ramin janti ɗaya ya fuskanci ƙusar sama, sannan ka ɗan ɗaga ta da gwiwa ko da sandar ƙarfe ta rataya. Da zarar ta rataya, nauyi ya bar jikinka, sauran ramukan da juyi kaɗan za su shiga. Idan wurin yashi ne kuma akwai ɗan tudu, juya bayan motar zuwa tudun tun kafin ka kashe inji. Tazarar ta ragu ba ka taɓa komai ba.

6. Yaya wincin ƙarƙashin mota yake aiki, kuma me ke sa shi maƙalewa?

A Hilux, L200 da manyan Land Cruiser irin 100 da 200, tayar tana rataye ne da sarƙa ko igiyar waya a ƙarƙashin baya. Ana haɗa sandunan da ke cikin kayan jak, a zura ta ramin da ke saman bamba har bakin sandar ya kama wincin, a juya ta ɓangaren da ake kwance noti. Tayar ta sauko, a ci gaba da juyawa har sarƙa ta yi sako-sako, a jawo tayar waje, a karkata farantin da ke riƙe da ita a fitar da shi ta tsakiyar janti. Duk cikin hanyoyin ajiye safaya, wannan kaɗai ce kamfani ya tanadi abin ɗagawa a cikinta, ba ka cicciɓi komai ba.

Abin da ke kashe shi rashin taɓawa ne. Leƙa ƙarƙashin Hilux da ta yi damina tana ratsa Gulbin Kaba: za ka ga laka ta bushe a jikin akwatin wincin ta yi tauri, ƙwayoyin sarƙar sun manne da juna da tsatsa, jar ƙasar burji ta cika cikin janti har ta toshe bawul. Sandar za ta shiga, amma ko motsi. Maganin mai arha ne. Duk lokacin da aka juye baƙin mai, a sauke safayar har ƙasa, a wanke sarƙar da gazuwal, a ɗiga mata mai kaɗan. Giris mai yawa yashi yake tarawa, kada a lafta. Kada a bar yaron gareji ya juya wincin da bindigar noti ta iska, tana cinye haƙoransa. Mai igiyar waya kuma kada a naɗe shi babu taya ba tare da an ja igiyar da hannu ba, don tana hawa kan juna ta cuɗe a ciki.

Wajen mayarwa, a kwantar da tayar ta fuskar da kamfani ya sa ta, a ɗaure har ta matse da jikin mota, sannan a tura ta da ƙafa. Idan ta motsa, gargada za ta yi ta girgiza ta har sarƙa ta ci.

7. Ya riga ya maƙale a daji. Me zan yi?

Sa jak a ƙarƙashin safayar, bisa katako, ka ɗan ɗaga ta don nauyinta ya bar sarƙar. Zuba gazuwal a wincin, ka bubbuga akwatinsa da sifana, ka riƙa juya sandar gaba da baya maimakon dannawa da ƙarfi ta ɓangare ɗaya. Sau da yawa haka yake sakewa. Idan ya ƙi, abin da ya rage shi ne yanke sarƙar ko kwance wincin gaba ɗaya, tayar na zaune a kan jak, kai kuma kana gefe, kanka da ƙirjinka ba sa ƙarƙashinta.

Ka sauke safaya tun motar na kan ƙafafunta, kafin ka ɗaga ta. Idan tayar baya ce ta sace, motar ta zauna har safayar ba ta da wurin fita, tone yashin da ke ƙarƙashinta da shebur ya fi shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

8. An ce kurar igiya na rage nauyi. Guda nawa ake buƙata?

Wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiyoyi masu zurfi na arewacin Dakwaro ya ga kura ɗaya a kan gwafa, sa ko raƙumi na jan igiya. Wannan kurar ba ta rage nauyin wasaki ko kaɗan, hanyar ja kawai ta juya, shi ya sa ake sa dabba. Haka take a mota: kura ɗaya a sama tana ba ka damar ja ƙasa da nauyin jikinka, amma kilo 40 ɗin na nan.

Ragi yana zuwa ne idan akwai kura a jikin tayar kanta, tana hawa tare da ita. Ƙirga igiyoyin da ke riƙe da tayar. Idan biyu ne, kilo 20 kake ja. Idan huɗu ne, 10 a lissafi, a zahiri 13 ko 14 saboda guga. Abin da ka samu a nauyi kana biyansa a tsawo: hawan mita 2 da igiya huɗu, sai ka ja mita 8. Ga tayar kat-kat, kura biyu masu layi bibbiyu sun isa. Ka tanadi inda za ka ƙulle igiyar a tsakiyar aiki, domin kura ba ta riƙe kaya idan ka saki.

9. Ina so mai walda ya yi mini hannun ɗagawa. Me zan gaya masa?

Siffarsa mai sauƙi ce: sanda a tsaye wadda ke juyawa cikin bututu, da hannu a samanta da ya miƙo waje, da kura a bakinsa. Masu walda a Maraɗi da ke ƙera ƙofofi da amalanke za su iya. Inda ake kuskure shi ne gindi. Tayar kilo 40 a bakin hannu mai tsawon mita 1, idan gindin faranti ne mai notuna da ke tsakanin santimita 10, notunan na jan kilo 400. Idan sandar tana riƙe a wuri biyu masu tazarar rabin mita, kowanne kilo 80 kawai yake ɗauka. Saboda haka ka ce masa ya kama sandar sama da ƙasa, nesa da juna, a jikin ƙarfe mai ƙwari irin shasi, bamba ta ƙarfe ko ginshiƙin bodi. Ba a jikin kwanon rufi ba, ba a kan siririn bututun maɗorin kaya ba.

Hannun kada ya wuce tsawon da zai fitar da tayar daga jikin mota, rabin faɗinta da ɗan ƙari. A sa ƙarfen tokara tsakanin hannu da sanda. Bakin kura ya ɗara wurin zaman tayar tsayi sosai, domin ƙugiya da ƙulli suna cin wuri. Da yawa sai an gama fenti ake gane tayar na tsayawa taƙi ɗaya ƙasa da inda ake so. A yi shi mai cirewa, ko mai ƙusar da ke kulle shi a kan tafiya. Kafin ka biya cikon kuɗi, rataya masa abin da ya ninka tayar nauyi, kamar buhun siminti biyu, a ɗaga taƙi ɗaya daga ƙasa, ka duba walda da idonka.

10. Winci na hannu, falan, ko na lantarki?

Na hannu iri biyu ne, kuma bambancinsu na iya karya hannu. Mai arha yana da harshe da ke kama haƙora. Wajen ɗagawa lafiya lau, amma wajen saukewa sai ka ɗage harshen, nauyin duka ya koma kan mariƙi. Idan gumi ya sa ya kuɓuce, mariƙin zai yi ta juyawa da ƙarfi, wanda ya kai hannu ya kama shi kuwa sai ɗori. Nemi mai birki a ciki, wanda idan ka saki yake tsayawa inda yake. Gwada shi a shago da kaya a rataye kafin ka saya.

Falan, wato kurar sarƙa da makanikai ke ciro inji da ita, yana riƙe kaya da kansa, yashi bai cika damunsa ba. Ƙarami mai kilo 250 ko 500 ya wadatar har ga tayar kamyo. Shi zan zaɓa. Na lantarki yana da daɗi, sai dai yawancin ƙananan da ake sayarwa na jan mota ne, takardarsu ma ta hana ɗaga kaya sama da su. Ga waya da maɓalli da ƙura ke shiga, ga batirin da ba lalle ya kasance da rai ba ranar da ake nemansa.

11. Na sa manyan tayoyi. Ƙofar baya za ta ɗauka?

Na ɗan lokaci. An auna ƙofar ne da tayar kamfani, kuma a kan gargada kowace girgiza tana ninka nauyin. Alamun farko: ƙofa na buƙatar ɗagawa kafin ta rufe, ƙara daga baya, fenti na tsagewa kewaye da maratayin tayar. Duba ƴan robobin da ke bayan tayar. Dole su taɓa ta su danne, in ba haka ba tana rawa a kan ƙusoshi.

Maganin shi ne marataya mai buɗewa wadda ke zaune a kan bamba ta ƙarfe da aka ɗaure da shasi. Masu ƙera ta kan yi amfani da kan ƙafar tirela mai boris a matsayin wurin juyawa. Ta kasance da makulli mai matsewa, da ƙusa ta biyu ko da na farko ya buɗe, da abin da zai riƙe ta a buɗe, domin a gangara takan dawo ta maƙe mai ɗibar kaya. Ka roƙi a saukar da wurin zaman tayar gwargwadon yadda ba za ta taɓa ƙasa a fitar gulbi ba. Duk santimitar da aka rage, bayanka ne ya huta (ta 5). Lambar mota da fitilu kada su ɓoye, ka huta da jandarmomi.

12. Na kawo ta bakin ƙafa, amma ɗaga ta ta shiga ƙusoshi ya gagara.

Motar za ka daidaita da tayar. Ɗaga jak ko sauke shi har ƙusoshi su ɗara ramukan janti tsayi da kaurin yatsa ɗaya. Juya tayar ramuka su fuskanci ƙusoshi, zura bakin shebur ko sifanar taya a ƙarƙashinta, ka ɗaga mariƙin da hannu ɗaya, ɗayan na tura saman tayar. Da ɗan ƙarfi kaɗan za ta hau. Masu zama a ƙasa su ɗaga da ƙafafu suna sa sawunsu ne ƙarƙashin motar da ke kan jak, a bari.

A yashi jak na nutsewa, don haka katako mai kauri, faɗin taƙi ɗaya da rabi, ya zauna cikin mota kullum. Ja birkin hannu, sa giya, tokare ƙafar da ke kusurwar nesa. Tayar da ka cire ka tura ta a kwance ƙarƙashin shasi har ka gama. Notuna a ɗaure su a tsallake, a sake bi bayan tafiyar kilomita 50.

13. Tayar kamyo fa?

Ita ba a ɗaga ta, mutum nawa ne kuwa. Mirginawa, sanda da sarƙa ne aikinta. Idan tana kwance ana so a tayar, a zura sandar ƙarfe a ɗaga gefe, a cusa katako, a sake ɗagawa a ƙara wani, har ta kai inda mutum biyu za su miƙar da ita. Idan ta fara faɗuwa a bar ta ta faɗi. Wannan ya kamata kowane maigida ya faɗa wa sabon yaron mota tun ranar farko, don yaro kan ji kunyar sakin taya gaban ubangidansa, ya tare ta da gwiwa. Wadda ke bayan kan mota ko saman kaya da falan ake sauke ta (ta 10). Turo ta daga saman buhuna a bakin kwalta, inda babura ke wucewa, ganganci ne da ran mutane.

Akwai kuma janti mai zobe, na tsofaffin kamyo da na Land Cruiser masu tiyub. Kafin a taɓa zoben a cire ƙwayar bawul iska ta fita duka. Wajen hura iska a zagaya sarƙa ta cikin janti, zoben ya fuskanci ƙasa ko bango, mai hurawa ya tsaya gefe. Zoben da bai zauna daidai ba yana fita da ƙarfin da ke kisa.

14. Safaya biyu ta zama dole?

Tsakanin Maraɗi da Yamai ko Damagaram, a kan babbar hanyar RN1, ɗaya ta isa, masu faci na kowane gari. Haka hanyar Ɗan Isa. Mai shiga Gadabeji, ko mai wucewa Tanut zuwa Agadas, biyu ta fi masa kwanciyar hankali. Idan nauyi ko wuri ne damuwa, ɗauki ta biyun ba janti: nauyi ya ragu da kilo 12 zuwa 15, mutum ɗaya na iya kai ta rufi, sai dai sai ka iya ɗora ta a janti, da ƙarafan cire taya da famfo. A ɗaure ta da bel ɗin kaya ko noti ta tsakiya. Robar tiyub da aka saba ɗaure kaya da ita tana miƙewa, ba ta riƙe taya idan aka taka birki da ƙarfi.

Kada ka dogara da aron ta abokin tafiya sai ka ƙirga ƙusoshi. Hilux kat-kat, Prado da Land Cruiser 80 shida ne. Land Cruiser 100, 200, da 70 na bayan 1999 biyar ne.

15. Na ɗaga, bayana ya riƙe. Yaushe zan je asibiti?

Riƙewar baya ta yau da kullum takan sassauta cikin kwanaki, kuma ɗan motsi ya fi kwanciya wuni guda. Amma idan ciwon na sauka cikin ƙafa tare da mutuwar jiki ko rashin ƙarfi, ka ga likita. Idan fitsari ko bayan gida ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, a ranar za a tafi, ba a jiran mai tausa. Kumburi a matsematsi bayan ɗaga nauyi na iya zama ƙaba. Idan ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, aikin gaggawa ne.

16. Na sayi mota ta hannu. Me zan duba a safayarta kafin fita daji?

Sauke ta a ƙofar gida, kai kaɗai, da kayan da ke cikin motar kawai, ka sa ta a ƙafa, ka mai da ɗayar gurbinta. A nan ake gane sandar winci ta ɓace tun a wurin dillali, ko akwai notin kulle da ba a ba ka makullinsa ba, ko sifanar ba ta kama notunan marataya, ko jantin ma na wata mota ne.

Duba shekarunta. A gefen taya, bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe mako ne da shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Manyan kamfanonin taya na cewa a sauya wadda ta kai shekara 10 ko da haƙorinta sabo ne, kuma wadda ta sha ranar Maraɗi a ƙofar baya ba rufi takan tsattsage kafin nan. Hura mata iska daidai da mafi yawan abin da aka rubuta a jikin ƙofar direba, domin ragewa a daji ya fi ƙarawa sauƙi, ka riƙa aunawa duk wata tare da sauran huɗun. Girmanta kuma ya zo ɗaya da na ƙafafun: wanda ya sa 285 a ƙasa ya bar tsohuwar 265 a matsayin safaya, idan ya sa ta ya shiga giyar kat-kat, giyar ƙafafu ce za ta sha wuya, sai ya tafi a hankali zuwa mai faci mafi kusa.